Babana zai sayar da fadamarsa don ya saya mini aiki

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 28 daga Jega. Na karanta tattalin arzikin noma a jami'a, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan. Tun daga lokacin ban san iyakar wuraren da na tura takardu ba, amma ko sau ɗaya ba a kira ni intabiyu ba. Si-bi ɗina, wato takardar bayanin karatuna da ayyukana, a shagon kwamfuta aka buga mini, shafi huɗu ne. Yanzu dai zaman banza nake yi, sai ɗan taimaka wa ƙanen mahaifina da ke dillancin shanshera, ina riƙe masa lissafi, ina raka lodi zuwa kamfanonin casar shinkafa. Da yamma kuma ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Ban taɓa sa waɗannan a takarda ba, don ai ba aiki ba ne. To ga wani ya zo ya ce yana da hanya a Abuja, in aka ba shi naira miliyan ɗaya da rabi zai samo mini gurbi a wata hukumar tarayya. Baba ya ce zai sayar da fadamarsa. In bari ya sayar? Kuma me ke damun takarduna?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka bari a sayar da fadamar nan. Na fara da wannan ne don shi kaɗai ne a cikin wasiƙarka wanda in an yi shi ba ya gyaruwa. Takarda in ta lalace, gobe a sake bugawa. Fadama kuwa in ta fita hannu a wannan zamani, sai dai jikoki su riƙa nuna ta da yatsa suna cewa da can tamu ce.

Ka zauna ka yi lissafin da aka koya maka a jami'a. Filin nan yana ba gidanku shinkafa da damina, in an samu halin ban ruwa ya sake bayarwa da rani. Shi ke cika rumbu, shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannenka, shi ake dubawa in wani ya kwanta ciwo. Me za a karɓa a madadinsa? Maganar mutum guda, ba rasit, ba shaida, domin duk wanda ya ba da irin wannan kuɗi ba ya iya zuwa gaban hukuma ya ce an cuce shi ba tare da ya tona kansa ba. Masu wannan sana'a sun san haka sarai, a kansa suka gina kasuwarsu. Mafi yawansu ba su da komai sai baki da hoton da suka ɗauka da wani babba a wurin biki. Waɗanda suka fi ƙwarewa har takardar kama aiki za su miƙa maka, da hatimi da sa hannu, ka yi ɗinki ka tafi Abuja, sai ranar da za a shigar da sunanka a tsarin biyan albashi na IPPIS a ce ba a san da zamanka ba. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya sha fitowa ya ce ya gano mutane masu takardun kama aiki na bogi, wasunsu har sun yi watanni suna zuwa ofis. Ka ɗauka ma mutumin nan da gaske yake, gurbin akwai shi. To sunan abin rashawa, kuma ka san hadisin da ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Albashin da aka fara da haka, shekara 35 za ka yi kana ci.

Ɗaukar aikin gwamnati na gaskiya ana shelanta shi ne a jarida da shafin hukumar, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, kuma sanarwar kan faɗa da kanta cewa ba a biyan ko kwabo. Ba a banza ake jaddada wannan ba. Ranar 15 ga Maris 2014 matasa sun mutu a turmutsitsin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na Abuja da wasu garuruwa, bayan kowannensu ya biya naira dubu ɗaya. Tun daga nan duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ko kuɗin gurbi, ka san da wa kake magana.

Mahaifinka ba wauta ta sa shi wannan shawara ba. Yana ganin ka kullum da safe kana fita da fuskar da ba ta da walwala, abin yana cin sa, kuma fadamar ita ce kaɗai abin da yake da shi da zai iya miƙawa. Saboda haka kada ka je masa da gardamar boko. Ka same shi bayan sallar isha'i, ka yi masa godiya tukuna, sa'an nan ka ce: Baba, ina roƙon a ba ni wata shida in gwada wata hanya, fadama ba za ta gudu ba. In kana jin nauyi, ka sa ƙanensa a maganar, tunda ɗan kasuwa ne, ya san yadda kuɗi ke shiga hannun mai daɗin baki.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ba ni haushi a wasiƙarka, wato inda ka ce zaman banza kake yi.

Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata, na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki ba sau ɗaya ba. Bari in gaya maka yadda abin yake daga wancan gefen tebur. Gurbi biyu, takardu tuli guda. Mai tantancewa ba karantawa yake yi ba, leƙawa yake yi. Idonsa na neman amsar tambaya ɗaya: wannan yaron me ya taɓa yi da hannunsa wanda ya yi kama da aikin da muke da shi? In bai ga amsa a rabin farko na shafin farko ba, ya ajiye ya ɗauki ta gaba. Takardun shagon kwamfuta kuwa daga nesa muke gane su, don duk uwa ɗaya ta haife su. Layin farko iri ɗaya, wai mai neman wurin da zai ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata. Sai sunan firamare, sai addini, sai ƙabila, sai abin sha'awa: karatu da tafiye-tafiye. Na taɓa ganin takardu uku a rana ɗaya masu kuskuren rubutu iri ɗaya a wuri ɗaya, sunayen ne kawai mai shagon ya sauya. Ba laifinsa ba ne, shi bugu ya sani, bai san ka ba. Kai ne ka miƙa wa wanda bai san ka ba aikin gabatar da kai.

Ga kuma abin da taka takardar ke faɗi a yanzu: ya gama bautar ƙasa, daga nan shiru shekara biyu. Mai karantawa zai ɗauka a gindin bishiya ka yi su. Alhali a cikin shekara biyun nan ka yi abin da yawancin abokan karatunka masu babban sakamako ba su taɓa yi ba. Ka san yadda ake sayen shanshera a hannun manomi, ka san wadda ta bushe da wadda aka yi gaggawar ɗurawa a buhu, ka san dalilin da kamfani ke auna danshi yana neman ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari, da yadda ake zaftare kuɗi in an tarar da tsakuwa ko ƙaiƙayi. Ka san kuɗin lodi, kuɗin mota, ladan 'yan dako, da abin da ke salwanta tsakanin kasuwa da sikelin kamfani. Ka san wane manomi ke cika alkawari, wane ne sai an bi shi. A turancin ofis wannan sunansa sayen kaya, kula da sito da rubuta lissafi, kuma akwai kujeru da albashi da aka ware musu. Kai ka kira shi taimaka wa baffa, ka ɓoye shi kamar abin kunya.

Saboda haka yau ɗin nan ka ari littafin lissafin da kake riƙewa, ka bi shi daga farko. Buhu nawa ya bi ta hannunka a kakar bara? Manoma nawa kuka saya a wurinsu, a waɗanne kasuwanni? Mota nawa ka raka, zuwa ina? Akwai wani gyara da ka kawo, ko da raba littafin bashi da na ciniki ne, ko mayar da lissafin cikin waya? Waɗannan alƙaluma su ne jarinka. A takarda kada ka rubuta cewa kai mai ƙwazo ne kuma mai gaskiya, kowa haka yake rubutawa, har ɓarawo. Ka rubuta cewa ka riƙe lissafin sayen buhu kaza daga manoma kaza a kaka biyu, ka raka lodi kaza zuwa masana'anta ba tare da giɓi ba. In dubu uku ne ka ce dubu uku, in ɗari huɗu ne ka ce ɗari huɗu. Kada ka ƙara ko buhu ɗaya, domin wanda zai yi maka intabiyu a wannan fanni ya fi ka sanin buhu nawa tirela ke ɗauka, tambaya biyu zai yi ramin ƙarya ya ƙure. Haka koyarwar yamma: aji nawa, yara nawa, wane darasi, tun yaushe. Haka wurin da ka yi bautar ƙasa da wurin da ka yi koyon aiki na SIWES, ka faɗi abin da ka yi, ba sunan wurin kawai ba.

Tsarin kansa ba wuya. Shafi ɗaya ya ishe ka, in ya yi yawa biyu. Sunanka, lambar waya, imel da gari a sama. Layi biyu ko uku da ke cewa kai wane ne a fannin aiki. Sai ayyukan da ka yi, na yanzu a farko. Sai karatu, daga digiri zuwa sakandare, firamare ta huta. Sai abin da ka iya. A nan kada ka rubuta ka iya kwamfuta in iyakarka WhatsApp. In ba ka iya manhajar lissafi ta Excel sosai ba, ka ba shi wata guda, kuma ga littafin baffanka nan, shi za ka yi atisaye da shi, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Harsuna ma ka sa su. Mai jin Hausa da Turanci, in an yi sa'a da Fulatanci ko Zabarmanci ko Dakarci, yana da daraja wurin duk wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Kebbi. Jiha da ƙaramar hukuma kuwa ka ajiye su don aikin gwamnati, inda ake rabon gurabe bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi. Kamfani mai zaman kansa bai cika damuwa da su ba.

Ka rubuta da turancinka mai sauƙi, sa'an nan ka kai wa malamin Turanci na makarantar da kake koyarwa ya duba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa yanzu manhaja ce ke fara tace takardu kafin ɗan Adam ya gani, tana neman kalmomin da ke cikin sanarwar aikin. Don haka ban da ado, ban da akwatuna da launuka, kuma kowane aiki ka ɗan juya takardar ta yi magana da kalmominsa. Wadda za ka kai kamfanin shinkafa, dillanci ne a sama. Wadda za ka kai makaranta, koyarwa ce a sama. Takarda ɗaya da aka watsa wuri ɗari ita ce ta kawo ka inda kake.

Akwai ƙananan abubuwa da na ga sun kayar da mutane, har kunya nake ji in lissafa su. Adireshin imel mai sunan barkwanci da aka buɗe tun ana sakandare. Hoton takarda da aka ɗauka da waya a karkace maimakon a tura ta a PDF da sunan mai ita. Saƙon imel da ba ko gaisuwa, ba a ma faɗi wane aiki ake nema ba. Lambar waya da kullum a kashe, ko mai ita ba ya ɗaga baƙuwar lamba. Mun taɓa kiran wani yaro sau uku a yini biyu, daga baya muka kira na bayansa, kuma na tabbata har yau yana cewa rashin hanya ce ta hana shi. Sai masu tsaya maka: kada ka sa sunan mutum ba ka gaya masa ba, kuma kada ka cika su da dangi. Shugaban makarantar da kake koyarwa, malamin da ya duba aikin binciken digirinka, da wani ma'aikacin sito da ya saba karɓar lodi a hannunka sun fi wani mai babban suna da ba zai tuna ka ba in an buga masa waya.

Ka kuma baje takardunka a tabarma ka duba suna da ranar haihuwa: sakamakon sakandare, digiri, takardar bautar ƙasa, NIN, BVN, takardar shaidar ƙaramar hukuma. In Muhammad ne a nan Mohammed a can, ko an sa sunan gari a wata an cire a wata, ka gyara tun yanzu ta hanyar takardar rantsuwa a kotu, kada sai ana tantancewa. Ban da rage shekaru. Da can ana yi a sha, yanzu kwamfuta ke haɗa bayanan, kuma kai da kanka za ka manta wace shekara ka ce.

Ban ce gyaran takarda zai buɗe maka kowace ƙofa ba, kada in yaudare ka. Lokacin da ka fito nema lokaci ne mai tsanani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Aka saki naira a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Mai kamfani da ke fama da kuɗin dizal ba sabon ma'aikaci yake tunani ba, yadda zai riƙe na hannu yake tunani. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, alawus ɗin 'yan bautar ƙasa ya tashi daga 33,000 da kuka karɓa zuwa 77,000, amma ka fi ni sanin cewa makarantun kuɗi da yawa ba sa biyan malami ko kusa da haka. Shirun da kake ji ba duka laifinka ba ne. Sai dai a irin wannan lokaci ne mai ɗaukar aiki ya fi tsoron kuskure, ya fi son wanda ya riga ya san aikin, wanda ba sai an koya masa ba. Wannan kuwa kai ya taimaka, in ka daina ɓoye kanka.

Ina za ka kai takardar? Kana kallon Abuja, ga abinka a ƙofar gida. Kebbi jihar shinkafa ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, ga kamfanin Labana a babban birnin jiha, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injinan casa birjik. Duk mai sarrafa shinkafa yana buƙatar wanda zai shiga fadama ya yi magana da manoma da harshensu, ya sayo, ya auna, ya rubuta. Haka masu sayar da taki da iri da maganin feshi, haka ƙananan bankuna masu ba manoma rance, haka masu harkar famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda tsadar fetur ta buɗe wa kasuwa. Ga albasar Aliero a maƙwabtanku, ita ma tana da sito da lodi da lissafi. Ban ce suna ɗaukar ma'aikata yau ba. Na ce a nan ne takardarka za ta yi nauyi, a wurin da mai karanta ta ya san ma'anar kowane layi.

Sai ayyukan wucin gadi na tattara bayanai da ƙungiyoyi da shirye-shiryen raya karkara ke bayarwa, na mako biyu ko wata guda. Kada ka raina su. Yawanci da waya ake yi, da manhajar KoboToolbox ko ODK, kuma kana iya koyon su kyauta cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yi sau ɗaya ya yi da kyau, shi ake sake kira, daga nan ake zama mai kula da tawaga. Ka leƙa ofishin KARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiha, da na NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, a Birnin Kebbi ka ga abin da ke allon sanarwa. Shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn ka ba su awa ɗaya a rana, kada su cinye maka yini da data. In kuma ka ga koyarwa ta kwanta maka, ka yi difilomar ilimi ta bayan digiri, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa (NTI) na yin ta, ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, don ranar da jiha za ta ɗauki malamai kada a tsayar da kai a bakin ƙofa. Aikin tarayya ka ci gaba da cikewa duk lokacin da aka buɗe, tunda kyauta ne, amma ka cike ka manta.

Maganar hanya kuma, kada ƙin rashawa ya sa ka ƙi mutane. Biyan kuɗi a ba ka abin da ba ka cancanta ba daban, wanda ya ga aikinka ya ce wa wani ga yaron kirki daban. Na biyun halal ne, kuma mafi yawan ƙananan gurabe ta nan suke cikewa tun kafin a buga sanarwa. Amma ka iya roƙo. In ka ce wa babba a taimaka mini da aiki, ka ɗora masa dutse, zai ce Allah ya kawo, ya wuce. In ka ce, Alhaji, na yi shekara biyu ina sayen shanshera da riƙe lissafi, wa ka sani a wannan harka da zan kai wa takardata, ka ba shi abin da zai iya yi da kiran waya ɗaya.

Intabiyu ba zan tsawaita a kansa ba, don wanda ya saba ciniki da dillalan kasuwar Jega ba kwamitin mutum uku ne zai razana shi ba. Ka san abin da wurin ke yi kafin ka je, ka isa da wuri, ka riƙe labari biyu na matsalar da ka taɓa warwarewa a bakin aiki. Takardunka na asali a gani a mayar maka, kada ka bar wa kowa.

Abu ɗaya ya rage, tsakaninka da baffanka. Shekara biyu kana masa aiki da sunan taimako. Ka same shi cikin ladabi ku yanka wani abu sananne, ko a kan kowane buhu ko a wata, kuma ka roƙe shi ya sa hannu a takardar shaidar cewa kai ke riƙe masa lissafi tun shekara kaza. Lodi na gaba da za ka raka, ka sa kaya masu tsabta, ka saka shafin nan guda a ambulan. In an gama awo an ba ka rasit, ka tambayi ma'aikacin sito sunan mai kula da sayen kaya, da ranar da ake samun sa a ofis.

Ka gaishe mini da mahaifin naka. In wata shidan sun cika, ka rubuto mini in ji inda aka kwana.